Kafin Ka Ɗaura Zare: Jagorar Gina Jiki da Natsuwa ga Matasan 'Yan Dambe

Ƙarfi ba baƙon abu ba ne a Babbar Kasuwar Katsina. Tun da hantsi za ka ga ɗan dako ya saɓa buhu ya nufi bakin mota, mai baro yana kutsawa yana neman hanya, yaron mahauci ya rungumo cinyar sa zuwa teburin maigidansa. Daga cikin irin waɗannan yara dambe ya saba samun mutanensa, domin tun asali wasan rundawa ne, 'ya'yan mahauta masu bin garuruwa da kaka bayan an kawar da amfanin gona, makaɗa na biye da su. Yau wasan ya wuce nan. Ana yin sa a gidajen dambe irin na Ado Bayero Square a Kano da na Ali Zuma a Dei-Dei ta Abuja, ana raba 'yan wasa Kudu da Arewa da Guramaɗa, ana sa babur da mota a gasa, yara kuma suna kallo a waya suna kwaikwayo a lungu.

Matsalar ita ce yaron da ya iya ɗaukar buhu yakan ɗauka ya gama shiri. Ƙarfin dako daban, ƙarfin fage daban. Na dako a hankali yake fita, a gefe ɗaya na jiki, yana tare da gajiya. Na fage kuwa yana buƙatar sauri, da tsayuwa daram, da kai mai sanyi a lokacin da kalangu ke zuga mutum. Wannan jagora ta yaro ce mai shekara 8 zuwa 18, da ubangidan da ke koya masa, da mahaifin da ke son sanin abin da ɗansa yake yi bayan La'asar. Magana ɗaya ce a cikinta: a gina jiki da natsuwa shekaru kafin a bari wani ya taɓa kan yaro. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Inda bugu yake tasowa

Yawancin yara damtse suke so su kumbura, saboda shi ake gani. Amma ka lura da gogaggen ɗan dambe lokacin da zai kai hannu. Ƙafar baya ce take fara tokare ƙasa, dunduniya ta ɗaga, ƙugu ya juya, ƙirji da kafaɗa su biyo baya, hannun zare ne na ƙarshen isowa. Hannu ɗan aike ne kawai. Wanda ya yi bugu da kafaɗa zalla zai gaji tun a turmin farko, bugunsa ba zai yi nauyi ba, kuma kafaɗar ce za ta fara ciwo.

Abu na biyu, a dambe da zarar hannunka ko gwiwarka ta taɓa ƙasa an yi kisa. Ashe ke nan cinya da ƙugu su ne garkuwar farko, kafin hannun da kake miƙawa gaba. Saboda haka kashi mafi yawa na horon yaro ya tafi ga ƙafa, ƙugu, ciki da baya. Damtse zai samu rabonsa a hanya.

Abin da za a tabbatar kafin a fara

Akwai tsohon zance cewa ɗaga nauyi yana hana yaro tsawo. Likitocin yara ba su ga haka ba in dai nauyin daidai yaron ne kuma babba na tsaye a kansa. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta amince yaro ya fara irin wannan horo tun yana kimanin shekara 7 ko 8, muddin yana iya bin umarni. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana son duk mai shekara 5 zuwa 17 ya motsa jiki na aƙalla minti 60 a kullum, kuma sau 3 a mako ya yi abin da ke ƙarfafa tsoka da ƙashi. Abin da ke cutar da yaro shi ne nauyin da ya fi ƙarfinsa. A ƙarshen dogayen ƙasusuwan yaro akwai guringuntsi mai laushi wanda daga nan tsawo ke fitowa, kuma ba ya gama ƙwari sai wajen ƙarshen shekarun balaga. Gasar “wa ya fi ɗaga buhun siminti” ita ce ke lalata wannan wuri.

Kafin ranar farko a san abu uku. A san rukunin jinin yaro game da sikila, domin tana da yawa a ƙasarmu, kuma mai ita ba a yi masa horo sai da shawarar likita. A tambaya ko yana da asma ko farfaɗiya, ko ya taɓa suma a wajen gudu. A tambaya ko a danginsu wani ya taɓa faɗuwa ya rasu farat ɗaya yana matashi. In amsar ɗaya daga ciki e ce, a fara da Babban Asibitin Katsina ko Asibitin Koyarwa na Tarayya kafin a je fili.

Sai a raba yara gida uku. Masu shekara 8 zuwa 12 nauyin jikinsu ya ishe su: gudu, tsalle, langa, rarrafe, rataya a ƙarfe. Masu 13 zuwa 15 su ƙara da ɗan nauyi mara yawa, hankali na kan iya yi daidai. Masu 16 zuwa 18 su ne za a riƙa ƙara wa nauyi sannu a hankali. Babu ɗaya daga cikin gidajen nan uku da aka yarda a bugi kansa da zare.

Kayan aiki

Ba sai an je gidan motsa jiki an biya kuɗi ba. Duk abin da ake bukata yana cikin kasuwa. Ruwa lita ɗaya kilo ɗaya ne, don haka jarka ita ce ma'auni mafi gaskiya da za ka samu: galan mai lita 5 kilo 5 ne, babbar jarka mai lita 25 in ta cika kilo 25 ce, kuma kana iya rage ruwa ko ƙarawa yadda kake so. A nemi jarkoki biyu masu murfi mai kyau. A nemi tsohon tib na babur daga wajen mai faci, a yanka shi tsaye ya zama roba mai tsawo. A nemi igiyar tsalle, da buhu biyu a zura ɗaya cikin ɗaya. Buhun da za a riƙa bugu kada a cika shi da yashi zalla, domin yashi in ya zauna yakan yi tauri ya ji wa yatsu. A cusa tsummokara da dusar katako, yashin ya zama kaɗan a tsakiya. Sai tsohuwar ƙwallo da aka cika da yashi kilo 2 ko 3 aka naɗe da tef, don jifa. Na ƙarshe, kuma wanda aka fi mantawa, littafi mai shafi 40 da biro.

Fili ya zama mai yashi ko ƙasa mai laushi, an tsince kwalba da ƙusa. Kada a yi tsalle-tsalle a kan kwalta ko siminti.

Ɗumama jiki

Minti 10 na farko na ɗumama jiki ne, ko da ana zafi. Sassarfa ta minti 3, tsallen igiya minti 2, sai juya kafaɗu gaba da baya, juya ƙugu, wurga ƙafa gaba da gefe, tafiya da dogon taku. A ƙare da damben iska a hankali. Dogon miƙa jijiya, wanda ake tsayawa a riƙe, a bar shi sai an gama horo. Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Janairu, a ƙara minti 5, kuma in ƙura ta yi yawa a rage gudu, musamman ga mai asma.

Atisaye shida

Na ɗaya, tsuguno da miƙewa. Ka buɗe ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, yatsu su ɗan kalli waje. Ka rungume galan a ƙirji. Ka tura ɗuwawu baya ka sauka har cinya ta kwanta daidai da ƙasa, dunduniya ba ta ɗaga ba, ƙirji a sama. Ubangida ya tsaya a gaban yaro ya kalli gwiwoyi: in suna faɗawa ciki suna neman haɗuwa, nauyin ya yi yawa, a rage ruwa. Ka taso da tura ƙasa, kana fitar da numfashi.

Na biyu, dogon taku. Ka jefa ƙafa ɗaya gaba, ka sauke gwiwar baya har ta kusa taɓa ƙasa, ka dawo. Ka yi da dama, ka yi da hagu, adadi ɗaya. Wannan shi ne atisayen da ya fi kama da tsayuwar fage. Nan ne kuma ake gane ƙafar da ta fi rauni, domin za ta riƙa rawa.

Na uku, ɗaga jarka daga ƙasa. Wannan ya kamata kowane ɗan kasuwa ya koya ko ba ya dambe. Jarka tana tsakanin ƙafafu. Ka karya ƙugu, ba baya ba: ɗuwawu ya koma baya, gwiwa ta ɗan lanƙwasa, gadon baya a miƙe. Ka kama hannun jarka, ka cika ciki da iska ka ɗaure shi, ka miƙe tana manne da jikinka. In ubangida ya ɗora sanda a bayan yaro, ya kamata ta taɓa ƙeya da tsakiyar baya da saman ɗuwawu a lokaci guda. Da bayan ya fara yin doro, a tsaya.

Na huɗu, turi da ja. Turi shi ne kifewa a kan tafin hannu da yatsun ƙafa, a sauke ƙirji a ɗago, jiki a miƙe sambal, gwiwar hannu ba ta buɗe can gefe ba. Ja kuwa shi ne rataya a ƙarfe ko reshe mai ƙwari a jawo jiki sama, ko a ɗaura robar tib a turke a jawo ta zuwa haƙarƙari ana matse allon kafaɗu. Yara suna son turi suna ƙin ja, shi ya sa za ka ga kafaɗunsu sun zubo gaba. Ƙa'ida ita ce duk turi ɗaya, ja ɗaya. Naman bayan kafaɗa shi ne birkin hannu bayan ya tafi, in ya yi rauni gaɓar ce take biya.

Na biyar, ɗaukar jarka a tafi. Jarka ɗaya a hannu ɗaya, ka yi taku 20 ba tare da ka karkace ba, ka sauya hannu ka dawo. Yana ƙarfafa riƙo da kwiɓi da tsayuwa. Yaron da ke dako ko ga-ruwa ya riga ya yi rabin wannan aiki da rana, don haka a rage masa, a fi mayar da hankali ga gefen da ba ya ɗaukar kaya da shi.

Na shida, jifan ƙwallon yashi. Ka tsaya gefe da bango ko da abokinka, tsayuwar dambe. Ka riƙe ƙwallon da hannu biyu a ƙugun baya, ka tokare ƙafar baya, ka juya ƙugu ka sake ta. Sau 5 zuwa 6 kowane gefe, da iyakar sauri, da hutu mai kyau tsakani. Wannan ne yake mayar da ƙarfin da sauran biyar suka tara ya zama bugu. Bahago ya yi da dama, na dama ya yi da hagu, don jiki ya tashi daidai.

Ban da jifan da ɗaukar jarka a tafi, kowane atisaye a yi shi sau 8 zuwa 15 a zubi ɗaya. Mai farawa zubi 1, bayan mako uku zubi 2, in an goge zubi 3, da hutun minti ɗaya zuwa biyu tsakani. A zaɓi nauyin da in yaro ya gama zubin zai iya ƙara biyu da kyau, amma kada ya ƙara. Ranar da ya yi 15 cikin sauƙi a kwana biyu na horo a jere, a ƙara ruwa kaɗan, abin da bai wuce kashi 10 cikin 100 ba: mai ɗaga lita 10 ya koma 11, ba 15 ba. A rubuta a littafi.

Wuya ma yana da haƙƙi. Ka ɗora tafin hannu a goshi ka tura kai a kansa ba tare da kan ya motsa ba, daƙiƙa 10. Haka a ƙeya da gefe biyu. Kada a yi kafa kai a ƙasa ana juyi, kuma kada a ɗauka ɗaukar kaya a ka da gammo ya wadatar.

Hannun zare da ƙidayar bugu

A Amurka akwai wasan ƙwallo da sanda da ake kira besbol, inda mai jifa yake wurga ƙwallo da hannu ɗaya, da juyin ƙugu irin na ɗan dambe. Da suka ga yara suna lalata gwiwar hannu da kafaɗa tun kafin su girma, ƙungiyar yara ta Little League ta kafa dokar ƙidaya a 2007. Yaro mai shekara 9 zuwa 10 ba ya wuce jifa 75 a rana, mai 11 zuwa 12 jifa 85, mai 13 zuwa 16 jifa 95. Ɗan shekara 14 ko ƙasa da haka in ya kai jifa 66, sai ya huta kwana 4 kafin ya sake jifa a wasa. Darasin da ke ciki a gare mu a fili yake: hannu ɗaya da ke maimaita aiki ɗaya da ƙarfi yana da iyaka, kuma babba ne zai ƙidaya, domin yaro ba zai ce ya gaji ba.

Saboda haka bugun buhu da cikakken ƙarfi ya zama kwana biyu a mako, ba a jere ba. A fara da kaɗan, misali zubi 4 na bugu 10, sauran a yi su a iska ko da rabin ƙarfi. Da zarar bugu ya fara saukowa ƙasa ko gwiwar hannu ta fara zafi, na yau ya ƙare.

A naɗe hannu da ƙyalle mai laushi kafin komai, a rufe tsintsiyar hannu da gaɓoɓin yatsu. Bayan an naɗe a matsa farce: in ya yi fari ya dawo ja nan take, ɗaurin ya yi. In yatsu sun yi sanyi ko ana jin kamar kiyashi na tafiya a cikinsu, a kwance. Karayar da ta fi samun masu bugu ita ce ta ƙashin bayan hannu da ke ƙarƙashin ƙaramin yatsa. In wurin ya kumbura ko gaɓar ta nutse, a je a ɗauki hoto kafin a kai wa maɗori. Bugun bango ko icce wai don hannu ya mutu ba horo ba ne, lalata gaɓa ne.

Tsarin mako

Asabar, Litinin da Laraba na atisayen ƙarfi ne, minti 30 zuwa 40. Lahadi da Talata na dabara: taku, kaucewa, tsaron garkuwa, bugun buhu. Alhamis gudu: mita 30 zuwa 40 da sauri sau 6 zuwa 8, a dawo da tafiya, ko a buga ƙwallo da langa. Juma'a hutu cikakke. Tsoka ba a fili take girma ba, a lokacin hutu da barci take girma. Ranar da yaro ya wuni yana sauke mota, wannan ita ce horonsa, kada a ƙara masa. Duk bayan mako huɗu a sassauta mako guda, a rage nauyi da rabi.

Natsuwa

'Yan kallo suna son ɗan damben da ya fito yana huci. Amma ka tambayi duk wanda ya daɗe a fage, zai gaya maka cewa mai fushi shi ya fi sauƙin kisa, domin yakan zubo jikinsa gaba ɗaya ya bar haɓa a buɗe. Tsofaffin 'yan damben nan Shago da Ɗandunawa, waɗanda sunansu ya rage a bakin mutane ta waƙoƙin makaɗi Ɗan Anace, yara suna jin labarinsu su ɗauki zafin kawai. Kiɗa da kirari suna ɗaga jini, kuma wannan aikinsu ne. Aikin ɗan wasa shi ne ya karɓi zugar ya riƙe linzami. Ana koyon wannan kamar yadda ake koyon tsuguno, da maimaici.

Mataki na farko numfashi. Ka ja iska ta hanci kana ƙirga huɗu, ciki ya kumbura ba ƙirji ba, ka sake ta a hankali kana ƙirga shida. Fitar da numfashi a hankali yana rage bugun zuciya. Ka yi minti 3 bayan sallar Asuba, ka yi minti 3 kafin barci. Bayan mako biyu a kai shi inda ake bukatarsa: da yaro ya gama gudu yana haki, ubangida ya sa shi ya tsaya tsayuwar dambe ya yi numfashi uku irin wannan kafin ya motsa. Wanda ya saba da haka shi ne zai amfana da hutun da ke tsakanin turmi da turmi.

Na biyu ido. Wata mai bincike a Jami'ar Calgary ta Kanada, Joan Vickers, ta nuna tun shekarun 1990 cewa gwanayen 'yan wasa suna kafe ido a wuri ɗaya na ɗan lokaci mai tsawo kafin su yi motsi, alhali idon ɗan koyo yawo yake yi. A dambe, ka ajiye ido a saman ƙirjin abokin karawa. Daga nan kana ganin kafaɗar hannun zare in ta motsa, kana kuma hango ƙafa. Wanda ya bi dunƙulen hannu da ido za a yaudare shi, wanda ya kalli 'yan kallo kuma zai ji a jikinsa. Atisayen mai sauƙi ne: yara biyu su fuskanci juna hannu buɗe, ɗaya yana neman taɓa kafaɗar ɗaya, shi kuma yana kaucewa ba tare da ya ƙifta ko ya kawar da kai ba. Daƙiƙa 30, a sauya. In sun saba, a sa sauran yara su kewaye su suna ihu, suna tafi, suna buga jarka, har da tsokana. Wanda ya juya ya kalli mai tsokana ya faɗi.

Na uku tsari. Kowane yaro ya samu 'yan abubuwan da yake yi iri ɗaya kafin ya fara: bisimilla, gyara tsayuwa, numfashi ɗaya mai tsawo, kalma ɗaya da zai faɗa wa kansa, kamar “ƙugu” ko “sannu”. Kalma ɗaya, ba huɗuba ba. Ubangida ma ya kiyaye wannan: gyara ɗaya a lokaci ɗaya. In ka ce, “Yaro, ɗaga garkuwa, gyara ƙafa, rufe baki, kalli gaba,” ba ka ce komai ba. Ka ce, “Ɗaga garkuwa,” ka yi shiru har ya ɗaga.

Na huɗu kallon zuci. Kafin barci yaro ya rufe ido minti biyar ya ga kansa a fili: ya ji yashi a tafin ƙafa, ya ji kiɗa, ya ga an kawo masa hannu ya kauce ya rama. Ya ga har lokacin da aka same shi ya yi tangal-tangal, ya ja numfashi ya dawo tsayuwarsa. Abin da zuciya ta saba gani ba ya firgita ta.

Na biyar abin da ake yi bayan kuskure. A littafin nan, bayan kowane horo, yaro ya rubuta ko ya faɗa a rubuta masa abu biyu: ɗaya da ya yi daidai, ɗaya da zai gyara gobe. Ubangidan da ke zagi ko dukan yaro don ya yi kuskure yana koya masa kallon ubangida ne maimakon kallon abokin karawa.

Ci, sha da barci

Babu garin gwangwani da yaro yake bukata. Abincin gina jiki yana nan a layin masu abinci: ƙosai, wake da shinkafa, ɗanwake, awara, ƙwai, nono da fura, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, kifi, da nama in an samu. Dafaffen ƙwai ɗaya yana da kimanin giram 6 na sinadarin gina jiki. A tabbata kowane cin abinci akwai ɗaya daga cikin waɗannan tare da tuwo ko shinkafa ko dankali, da ganye irin kwaɗon zogale. A ci abinci awa biyu kafin horo, a sake cin wani abu bayan an gama.

A watannin Afrilu da Mayu zafin Katsina yakan haura digiri 40. A lokacin, horo sai bayan Asuba ko dab da Magariba. Ma'aunin ruwa shi ne fitsari: in ya yi ja-ja ruwa bai isa ba. In an yi gumi sosai a haɗa lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Yaron da ya fara jiri, ko magana ba kan gado, ko jikinsa ya yi zafi rau, a kai shi inuwa, a kwara masa ruwa, a yi fifita, a nufi asibiti. Da azumi a rage horo da rabi, a mayar da shi bayan Asham.

Mai shekara 6 zuwa 12 yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12, mai 13 zuwa 18 awa 8 zuwa 10. Wanda ya raba dare a gidan kallo ko a kan waya ya zubar da horon jiya, idonsa kuma zai yi nauyi a na gobe.

Ƙwaya da tsaga

Za a zo wa yaro da ƙwaya a ce tana kashe jin zafi tana kawo zuciya. Tramadol tana iya jawo farfaɗiya, tana kama mutum ya kasa bari, kuma hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta ta lokacin gasa tun daga Janairun 2024. Maganin tari mai kodin kuwa gwamnatin Najeriya ta hana yin sa da shigo da shi tun Mayun 2018. Zafi saƙo ne jiki yake aikowa. Wanda ya toshe shi zai ci gaba da bugu da karyayyen hannu. Wiwi kuma tana rage saurin ido da na motsi, wato ainihin abin da aka wuni ana ginawa. Batun tsaga a hannu a shafa magani, ko me mutum ya yi imani da shi, reza ɗaya ga mutum biyu hanya ce ta ciwon hanta da ƙanjamau.

Kai ba ya da maɗori

Likitocin yara na Amurka da Kanada sun fitar da matsaya tare a 2011 cewa ba su goyon bayan yara da matasa su yi wasan da ake bugun kai da gangan. Ƙwaƙwalwar matashi ba ta gama ginuwa ba, kuma in ta jijjiga tana daɗewa kafin ta dawo daidai. Don haka gwajin yara ya tsaya a taɓa kafaɗa da jiki, hannu a buɗe ko cikin safa mai kauri.

In tsautsayi ya sa kan yaro ya bugu, ba sai ya suma ba kafin a ɗauki abin da muhimmanci. Ciwon kai, jiri, gani biyu-biyu, mantuwa, ko ƙin haske sun isa a fitar da shi a ranar, kuma kada ya koma sai likita ya yarda. In yana amai akai-akai, ko barci na rinjayarsa har ana wahalar tayar da shi, ko gefe ɗaya na jikinsa ya saki, ko ya yi farfaɗiya, a kai shi asibiti nan take. Zuba masa ruwa a ka a ce ya koma ya rama shi ne mafi munin abin da za a yi, domin bugu na biyu kafin na farko ya warke yana iya kisa na gaske.

Iyayen gida a layin mahauta, da shugabannin 'yan dako, da duk wanda yara ke kira maigida: ku ne kuke da ikon cewa a'a. Ku sayi littafi da biro, ku riƙa ƙidaya bugu, ku hana ƙwaya shiga fili, ku bar yaro ya cika shekara 18 kafin a ɗaura masa zaren fage. Kai kuma ɗan samari, ka fara da galan mai lita 5 da numfashin minti uku gobe bayan Asuba, ka rubuta abin da ka yi. Allah ya ba da sa'a, ya tsare lafiya.